A Waje Za Ki Kwana

Gwaram, ranar Laraba da hantsi.

Zuwa ga 'yata Binta, a Birnin Kudu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Kawunki Sale da mutanen gidansa baki ɗaya. Allah ya tsare ki a zaune, ya tsare ki a tafe. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Labarin gida zai jira ki, ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Takardarki ta iso ta hannun Malam Idi direba. Na karanta wa Babanki rabin farko, inda kika ce sunanki ya fito cikin waɗanda za su zauna jarrabawar shiga makarantar koyon aikin jinya a Kano. Ya yi hamdala, ya sa aka raba wa maƙwabta goro. Rabi na biyu ban karanta masa ba. Na ninke shi na tura ƙarƙashin matashi. Shi ne inda kika ce ke da ƙawarki Jummai kun gama shiri: ko ku kama ɗaki a wani otal na bakin tasha don an ce da araha, ko ku sauka gidan yayanta a wajen Kabuga, tunda yana da mota zai kai ku da safe. Har kika ƙara da cewa, "Inna, kada ki damu, Kano ta yanzu ba irin ta da ba ce, ko'ina akwai tasi."

Na damu. Kuma ba ke za ki gaya mini abin da zan damu da shi ba.

Bari in tuna miki inda muke tsaye, don na ga murna ta sa kin manta. Baffanki Alhaji bai yarda da tafiyar nan ba, har gobe. A zauren gidan nan ya ce wa Babanki, "Yarinya budurwa, a Kano, har da kwana? Wa zai iya ce mana ga inda ta sa haƙarƙarinta?" Ni ce na ɗaga murya daga bayan ƙofa na ce ni zan iya, a bar shi a wuyana. Babanki ya goya mini baya, amma ya ce sau ɗaya ne. In kin makara, ba za a sake ba. In wata magana ta biyo ki gida, ba za a sake ba, kuma ƙannenki mata an rufe musu ƙofa ke nan tun ba su iso bakinta ba. To kin ga ba ɗaki kawai kike nema ba. Wurin da za ki kwana a 'yan kwanakin nan shi zai yanke ko za ki sa farar riga ko ba za ki sa ba.

Ni na san Kano ta hanyar da ba na so ki san ta, wato ta hanyar kuskure. Zan faɗa miki su yadda suka faru. Ba don ki ji tausayina ba, kuma ba don ki samu abin ba Jummai dariya ba.

Zan fara da otal ɗinki na bakin tasha.

Shekarar da idon Babanki ya yi yana aka ce sai an kai shi Kano an yi masa aiki, kina ƙarama, na bar ki wurin kakarki, na goyi ƙanenki Sani na bi Babanki. Aka ba shi gado a asibiti, ni kuma aka ce in nemi wurin kwana. Akwai gidan da ya kamata in nufa, amma kunya ta hana ni, kuma dalilin kunyar za ki ji shi a ƙasa. Ban da kunya akwai girman kai. Ina ganin ni matar malamin gona ce, na yi sakandare, ina karanta duk allon da aka kafa a jikin gini, ba sai an riƙe mini hannu ba. Wani ɗan kamasho a tasha ya hango ni da ƙunshi a ka, ya taho ya rusuna har ƙasa.

"Hajiya, masauki? Akwai ɗaki mai tsabta, ga famfo, ga lantarki, ga araha kamar kyauta."

Ban je Makka ba a lokacin, amma Hajiyar nan ta yi mini daɗi a kunne. Na bi shi.

Gidan ba laifi a ido. An shafe shi da shuɗin fenti, ƙofofi a jere kamar ajujuwa. Da azahar muka shiga, tsit, kowace ƙofa a rufe. Na ce a raina, kai, mutanen kirki, ba su da hayaniya. Ban tsaya na tambayi kaina wane irin gida ne mutanensa ke barci da rana tsaka ba. Babu turmi a tsakar gidan, babu shanyar kayan yara, babu ko buta ɗaya a bakin ƙofa. Na miƙa wa mutumin kuɗi, ya ƙara rusunawa, ya fice.

La'asar na yi ƙofofi suka fara buɗewa. Aka kunna garmaho. Ƙamshin turare da hayaƙin taba suka cika wurin, mata suka fito ba ɗankwali suna kallona ina kallon su. Na fita neman ruwan zafi in dama wa Sani koko. Wata dattijuwa mai tuyar waina a ƙofar gidan ta dube ni, ta dubi goyona, ta ajiye cokalinta.

"Baiwar Allah, ke kuma wa ya kawo ki nan?"

Na ce wani bawan Allah ne daga tasha.

"Bawan Allah? Wancan mai jar hula? Yarinya, shiga ki ɗauko kayanki tun da sauran rana."

Ina fitowa da ƙunshina a ka, sai ga ni ido da ido da wani dillalin shanu na Kwandiko, nan kusa da mu, wanda ba zan rubuta sunansa ba. Ya sha babbar riga, yana shirin shiga. Ya tsaya, na tsaya.

"A'a, Malama, an zo birni?"

Na ce, "An zo. Kai ma na ga ka zo."

Ya ce ai wani yake nema, kuma da alama ya yi ɓatan kai. Na ce Allah ya sa a dace. Abin da ya rufa mini asiri guda ne: ba shi da halin faɗin inda ya gan ni sai ya faɗi abin da ya kai shi. Har Allah ya karɓi ransa, in muka haɗu a hanya shi yake riga ni sunkuyar da kai. Ni kuwa a barandar asibiti na ƙarasa jinyar, cikin sauro, tare da sauran mata masu jinya. Ɗan kamasho ko ƙeyarsa ban sake gani ba.

Kada ki yi dariya, Binta. Ni a lokacin matar aure ce da goyo a baya, kuma wanda ya gan ni bakinsa a ɗaure yake. Ke budurwa ce. Tashar da motocin Birnin Kudu da Gwaram ke sauke mutane cike take da idon garinmu, kuma ba duka ne masu ɗaurarren baki ba. Mutum ɗaya ya ishe ki. Ba sai kin yi komai ba, ya isa a ce an ga kin fito daga ƙofa kaza.

Don haka ki riƙe wannan, yanzu da nan gaba, don in Allah ya ba ki aikin nan za a yi ta tura ki garuruwa. Wanda ya taro ki da masauki tun ba ki tambaya ba, ba don Allah ya taro ki ba. Wanda ya ba ki sunan da ba ki kai ba, aljihunki yake kira. Kafin ki ajiye kaya a gidan da ba ki sani ba, ki dubi tsakar gidan. Ki nemi turmi, ki nemi igiyar shanya, ki nemi buta, ki saurari kukan yaro. Ki leƙa banɗaki, ki tambayi inda ake samun ruwa. Sannan ki fita ki sayi wani abu wurin matar da ke sana'a a ƙofar gida, ki gaishe ta da kyau, ki tambaye ta su wa ke ciki. Allon da ke jikin gini mai gidan ne ya sa aka rubuta shi. Mai waina ba wanda ya biya ta. Kuma araha ba ita ce ƙarancin abin da kika miƙa ba. Ɗakin da zai ci miki suna ya fi kowane ɗaki a Kano tsada.

Wannan ke nan game da otal. Kada in sake jin sa a bakinki.

Yanzu sai gidan yayan Jummai da motarsa. Nan ne maganar take, don haka ki zauna ki karanta a tsanake.

Kin san Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, da ke aure a Kano a gindin Dala. Kin sha jin ta, duk sanda ta zo biki ko suna, tana kira na Ta-waje, ku yi ta dariya ba ku san asalin sunan ba. Ga asalinsa.

Shekarar da aka samu mulkin kai na gama makarantar kwana ta 'yan mata. Mu kaɗan ne daga wannan yankin, kuma kanmu ya yi girma fiye da ɗankwalinmu. Aka zaɓe ni in je Kano in zauna jarrabawar shiga babbar makarantar horon malamai mata. Wurin jarrabawar yana gabas da gari, can bayan layin dogo. Ban taɓa kwana a Kano ba, iyakata in hango ganuwa daga bayan lori in za mu makaranta. Kawunki Sale ne ya raka ni, lokacin yana harkar gyaɗa. Damina ce, irin wannan lokacin. Muka tsallake gadar Wudil, muka sauka a tasha da hantsi, ya ja ni lungu-lungu har ƙofar gidan Gwaggo, ya gaisa a tsaye, ya wuce wurin fatomansa, wato mai gidan da fatake ke sauka.

Gidan Gwaggo a cike yake dam. An yi haihuwa, baƙi sun zo daga ƙauye, ko wurin shimfiɗa tabarma babu. Ta karɓe ni da murna, ta juya ni gaba da baya, ta ce, "Oh, 'yar boko! Wannan takalmin na sojoji ne ko na mata?" Aka yi dariya. Ni ban yi ba. Ta sa aka kawo mini fura. Ta tambayi inda za a yi jarrabawar, na faɗa mata, har da sunan wurin da Turanci don matan tsakar gida su ji. Sai ta ce, a gaban kowa:

"To ai ke ba a nan za ki kwana ba. Ki sha furarki, ki watsa ruwa, in an yi la'asar a waje za ki kwana."

Binta, ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. A waje! Ni, 'yar wanta, na zo tun daga Gwaram, a ce baƙin ƙauye su kwana a ɗaki ni in kwana a waje, da damina? Na ce a raina don na yi boko ne take so ta wulaƙanta ni a gaban mutane. Ban ce mata komai ba. Da na buɗe baki na ce, "Gwaggo, wane waje?" da rayuwata ta bi wata hanya. Amma ina ganin tambaya ƙasƙanci ce. Na ture furar, na jira ta shiga ɗakin mai jego, na ɗauki akwatina na fice, ko sallama ban yi ba.

Akwai wata 'yar ajinmu, Ladidi, da ta taɓa ce mini gidansu yana kusa da Ƙofar Kabuga, in na zo Kano in neme ta. Na yi ta tambaya ina tafiya, har gidaje suka ƙare na shiga gonaki, ga dawa ta yi kore shar a cikin ganuwa. Na isa ƙafata duk ta kumbura. Suka karɓe ni hannu biyu, ba zan yi musu ƙarya ba. Aka yanka kaza, aka ba ni gado mai gidan sauro. Na tambayi nisan wurin jarrabawa. Yayan Ladidi, wanda ke tuƙa motar wani ofis, ya ce, "Haba, nan da nan ne. Ki kwantar da hankalinki, ni zan ajiye ki a bakin ƙofa." Na kwanta ina jin na rama abin da aka yi mini.

Da asuba sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya. Motar ta ƙi tashi. Aka tura, aka buɗe gaba, aka hura wannan aka goge wancan, ya yi ta cewa, "Yanzun nan, yanzun nan." Ni kuma ina tsaye a zaure da farin takalmina, ina jin nauyin in ce zan tafi da ƙafa kada ya ga na raina shi. Sai da gari ya waye sarai na gane motar nan ba inda za ta. Na fita da gudu. A ranar na san girman Kano. Kabuga tana ƙarshen yamma, inda za ni yana ƙarshen gabas, gari guda cur a tsakani, kowane lungu ya zama kwata, kowane kududdufi ya cika ya tumbatsa. Na tambayi hanya aka ce nan kusa ne. Na ƙara tambaya aka ce nan kusa ne. Na fita ta Ƙofar Mata, na tsallake layin dogo, na isa jagab, takalmi ɗaya a hannu.

An rufe ƙofa. Ta taga ina hango 'yan'uwana sun duƙufa suna rubutu. Malamar da ke tsaron ɗakin ta fito, ta saurare ni har na gama, ta ce ta ji, amma doka ce, wanda ya zo bayan an raba takarda ba ya shiga. Ba ta yi mini tsawa ba. Da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

A nan bakin ƙofar ne Kawunki ya same ni, idonsa ja wur, tun jiya shi da mutanen Gwaggo suke nema na. Ya ce, "Ke wace irin yarinya ce? Gwaggo ta shirya miki masauki a Waje, kin gudu?"

Na ce, "Ai shi ya sa na gudu. Ni akuya ce da zan kwana a waje?"

Ya dube ni kamar bai taɓa gani na ba. Sannan ya kama hannuna, muka zaga bayan makarantar, muka tsallaka titi ɗaya, muka shiga wata unguwa. Ya tsaya a ƙofar wani gida ya ce, "Nan ne Tudun Wada. Nan da Fagge da Sabon Gari da duk abin da ke bayan ganuwa, shi mutanen Kano ke kira Waje. Cikin ganuwa Birni, bayanta Waje. Sunan wuri ne, shashasha."

Gidan wata Banufiya ce, Iya Kaka, aminiyar Gwaggo tun suna amare. Tun jiya da rana Gwaggo ta aika mata cewa ga 'yarta nan zuwa. Matar ta fito ta gan ni a jiƙe, ta ce, "Ke ce baƙuwar tawa? Sannu da zuwa, kin dai makara." Ta ɗaga labulen wani ɗaki. An share shi, an shimfiɗa sabuwar tabarma, ga fitila an zuba mata kananzir don in yi karatu, ga tuwon jiya a rufe da faifai ba wanda ya taɓa. Daga bakin ƙofar ɗakin ina hango rufin kwanon ɗakin jarrabawa. Ko da rarrafe na tafi da na riga kowa.

'Yan Kano na makarantarmu sun sha faɗin kalmar nan a gabana. Ban taɓa sa kunne ba, don a ganina Hausa ba abin koyo ba ce, Turanci nake farauta. Kakanki bai yi mini faɗa ba. Cewa ya yi, "An ba ki dama, kin mayar." Ba a sake ba. Na yi aure, na haife ku, ina koyar da mata karatu da ɗinki a garin nan, kuma ban raina abin da Allah ya ba ni ba. Amma ba Allah ne ya ɗauki akwatina ya fita da shi daga gidan Gwaggo ba. Ni ce. Kuma kunyar tabarmar nan ce ta hana ni komawa gidan Iya Kaka lokacin jinyar Babanki, har na faɗa hannun mai jar hula. Kin ga yadda kuskure ɗaya yake haifar ɗan'uwansa.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce yanzu an yi kwalta, kuɗin mai ya shigo, motoci sun cika gari. Haka ne. Sun cika shi har ba sa motsi. Malam Idi ya ce akwai safiyar da mai tafiya a ƙasa yake wuce mai mota yana yi masa sannu. Ruwan sama kuma bai san an samu mai ba. Tasi ɗin da kike taƙama da ita, ranar da aka tashi da ruwa kowa ita yake nema, kuma direba ba zai tsallake mai babbar riga ya ɗauki 'yar ƙauye da jaka ba. Ban ce yayan Jummai mutumin banza ne ba. Yayan Ladidi ma mutumin kirki ne. Amma motarsa tasa ce, safiyarsa tasa ce, ba shi zai zauna jarrabawa ba. Kada ki ɗora abin da ya shafi rayuwarki a kan ƙafar wani. Masauki mai kyau shi ne wanda ƙafarki za ta kai ki inda za ki, ko ana ruwa ko ana rana, ba sai kin jira kowa ya gama karin kumallo ba. Gado mai laushi a nesa bai kai tabarma a kusa ba.

Kuma kada ki yarda da "nan kusa ne" a bakin mutumin birni. Ba ƙarya yake yi ba, shi a wurinsa kusa ne, don a nan aka haife shi. Ranar da kika sauka, kafin magariba, ki taka da ƙafarki daga masauki har ƙofar da za ki shiga, ki dawo. Ki lura da inda ruwa ke kwanciya. Ki ga ƙofar da idonki, don manyan gine-gine suna da ƙofofi da yawa, kuma ba kowacce ake buɗewa da safe ba.

Ga abin da na shirya, kuma ba shawara nake nema ba. Iya Kaka ta rasu, Allah ya ji ƙanta, amma 'yarta Hajiya Ramatu tana nan a gidan, tana saukar da mata zalla, masu jinya da 'yan jarrabawa. Na sa Malam Idi ya duba mini, ya ce daga gidan zuwa makarantar da za ki ba a hawa komai. Tana karɓar ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma Gwaggo za ta gaya miki ko nawa ne tun kafin ki je, don kada ki tsaya ciniki da babbar mace. Ki miƙa mata tun ranar farko, da hannu biyu, ba ranar tafiya ba. In Jummai tana da hankali ta bi ki, ɗakin zai ɗauke ku. In ta ƙi, ki yi mata fatan alheri ki rabu da ita.

Amma ba za ki wuce kai tsaye ba. Malam Idi zai fara kai ki gindin Dala ki gai da Gwaggo, ita za ta sa a raka ki. Ba a shiga gidan aminiyar mutum ta bayansa. Na ba shi ƙunshi biyu, ɗaya na Gwaggo ɗaya na Hajiya Ramatu: daddawa, kuka, da man shanu. Kada ki ji kunyar warin daddawa a mota. A birni ita ce ke buɗe miki fuskar masu gida.

In kin sauka, ki tuna ke baƙuwa ce, ba mai duba makarantu ba. Ki riga masu gida ɗaukar tsintsiya. Ruwa a can saye ake yi, kada ki yi wanka kamar kina bakin rafi. Abin da aka ba ki ki ci, ki gode. Kada ki jefa Turanci a tsakar gidan mutane. Kada ki fita bayan magariba ko da an ce ana rabon zinariya. Kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata da hawan Dala duk suna nan tun kafin a haifi kakannin kakanninki, za su jira ki gama jarrabawa. In kin gama, ki nemi izini, a haɗa ki da babbar mace, ki je ki gani. Gari ne tsoho, ya cancanci kallo, ni ban taɓa kallon sa da kwanciyar rai ba. Washegari ki naɗe tabarmar da aka ba ki, ki share ɗakin, ki yi sallama da kowa har da yara, ki kamo hanya.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. In babba ya faɗa miki maganar da ta yi miki zafi, kafin ki ɗauki jaka ki buɗe baki ki ce, "Ban gane ba." Ba a taɓa jin wanda wannan kalma ta kashe ba. Na lura kina da irin zuciyata, kina shiru ki cika ki batse. Ban ji daɗin ganin ta a jikinki ba.

Gwaggo ta tsufa, idonta ya yi rauni, amma bakinta yana nan yadda kika san shi. Makon jiya na aika Malam Idi ya gaya mata zuwanki. Ya dawo yana dariya tun daga zaure, ya ce ta sa shi ya maimaita saƙon har sai da ya haddace. Ta ce: "Ka gaya wa Ta-waje na ji. Ka ce mata 'yar tata ma a waje za ta kwana. In ita ma gudu za ta yi, ta bari ta shanye furar tukuna, don waccan har yau ina jin haushin ta."

To kin ji. Za ta faɗa miki a gaban mutane, da ƙarfi, tana kallon fuskarki ta ga ko 'yar wace ce ke. Ki shanye furar tas. Ki ce, "To, Gwaggo." Ki ɗauki jakarki ki bi wanda ta haɗa ki da shi. Tabarmar da aka shimfiɗa mini a gidan nan ban kwanta a kanta ba. Ke ki je ki kwanta.

Allah ya kai ki lafiya, ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin zuciyarki. Allah ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya sa ki iske ƙofa a buɗe, ya dawo mana da ke da fuskar da za mu nuna wa Baffanki. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Babanki yana sa miki albarka, ƙannenki suna gaisuwa. Ki gai da Kawunki, ki ce masa na yarda ya ba ki nasa ɓangaren labarin, amma kada ya ƙara gishiri.

Wassalam.

Ni ce mahaifiyarki,
Rabi'atu.